Alfadarar da Jirgi Ya Zo Ceto

Sol dubu uku da ɗari biyu na kuɗin ƙasarsu Rogelio zai biya Mama Eduviges, kuma yau ta sauko gari ta karɓa. Ladan ɗanta Fermín ne, da kuɗin gonar dankalinta.

Ta zauna a ofishinsa na masu kai baƙi hawan dutse ba tare da an ce ta zauna ba.

"Mama, ai ni ke bin ku," in ji Rogelio. "Kin san nawa jirgi mai saukar ungulu ke ci a awa?"

"Ban sani ba. Dankalin da ya ci dai na sani."

Abin da ya faru kowa a ƙauye ya gani. Fermín ya raka wani Bature can sama, Baturen ya ce 'yar na'urar da ke nuna inda mutum yake tana goge masa ƙirji, ya rataya ta a sirdin alfadara. Da Baturen ya zame ya karya ƙafa, Fermín ya danna maɓallin neman agaji. Sai aka yi tsawa, alfadara ta tsinke igiya ta kamo hanyar gida. Jirgin ceto ya yi ta bin ɗigon da na'urar ke nunawa a allo har ya sauka tsakiyar gonar Mama, iskarsa ta kwantar da komai. Masu ceto suka fito da gadon ɗaukar majinyaci, suka tarar da dabba tana kiwo.

Shi kuwa Fermín goya Baturen ya yi cikin dusar ƙanƙara har ƙasa. Baturen ya koma ƙasarsu. Yatsun ƙafar Fermín uku da sanyi ya kashe suka tsaya a asibiti.

"Kamfanin inshora ya ƙi biya," in ji Rogelio. "Sun ce sakacin ɗan rakiya ne. Wa ya ce ya bar na'ura a jikin dabba?"

"Kai ka ce masa kada ya yi musu da baƙo. A gabana ka faɗa, ɗan nan, kana cin naman da na gasa."

"To mu bar shi an yi canjaras. Ki dai dawo min da na'urata, tana da tsada."

Ta taɓa ƙullin mayafinta, inda abin yake. Ta dube shi ta miƙe.

"Ban zo da ita ba."

Da ta isa gida ta ɗaura ta a wuyan alfadara da jan zare. Fermín, da yanzu ba ya hawa ko'ina, shi ke yi mata caji.

"Mama, me amfanin wannan?"

"Rogelio yana da allon da yake kallo, ko ba haka ba?"

Kowace safiya in Rogelio ya kunna kwamfuta sai ya ga ɗigon nan yana zagaya gonar da babu komai a cikinta. Har yau bai biya ba. Har yau bai iya kashe shi ba.