Draf da Hannun Hagu

Mai Walda ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya maƙale allon draf a hammata, ya nufi gidan Direba.

Tun gashin kansu yana baƙi suke buga draf a bayan shagon, a kan wani tsohon tanki da aka kife. Ba sa sa kuɗi, ba sa yi wa juna sannu in an sha kashi. Dokarsu ɗaya ce: ka ɗaga ɗa, ka ajiye, ka saki, ya zauna ke nan, ko da atishawa ce ta ture hannunka. Masu wucewa sukan tsaya su taɓa wasan suna hira, suna amsa waya, suna cewa, "A'a, tsaya, ba nan na nufa ba." Mai Walda ba ya gardama da irinsu. Yakan bari su gama su tafi, ya goge allon da tsumma.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Direba. Hannun dama ya mutu, baki ya ɗan karkace. Tun da aka sallamo shi daga asibiti Mai Walda bai leƙa ba. Ya ce aiki ne ya yi masa yawa. Aikin kuwa ƙofa ɗaya ce, ya daɗe da gama ta.

'Yar Direba ce ta tare shi a tsakar gida, hannunta duk kumfar wanki.

"Baba, sai yau?"

"Sai yau."

"To don Allah abu ɗaya nake roƙo. Ka bar shi ya ci wasan. Likita ya ce kada a ɓata masa rai."

"Likitan yana buga draf?"

"Haba Baba."

"Tambaya na yi."

Ta rage murya. Ta ce mijinta yana zama ya buga da mahaifinta kullum in ya taso daga aiki, kuma kullum tsohon ne ke ci, amma ko murmushi ba ya yi. Jiya ma juya fuska ya yi bango, ya ce a kwashe.

Mai Walda ya san mijin. Ma'aikacin kantin magani ne, mutumin kirki. A waya ya koyi draf, inda akwai wurin da mutum zai danna wasa ya koma baya. Mai Walda ya taɓa ganinsa yana bugawa yana kallon ƙwallo a talabijin. Tun ranar yake gaishe shi a taƙaice.

Ɗakin yana warin man zafi. Fanka na juyawa tana kuka. Direba na zaune a bakin gado, an tokare shi da matasai, rigarsa ta yi masa yawa.

"Makaho," in ji Direba, maganar na fita da ƙyar. "Na zaci ka mutu."

"Kai nake jira ka fara. Kai ne mai son gudu."

Ya ja kujera ya ɗora allon, ya jera 'ya'yan. Surukin Direba, da ya dawo cin abincin rana, ya shigo yana tafa hannu.

"Kawu, sai ka yi hattara fa! Baba ya zama dodo, ni kam ya gama da ni."

Mai Walda ya tura allon gaban Direba.

Suka fara. Direba yana tura ɗa da hannun hagu, hannun na rawa kamar tsohon inji. Mai Walda ya zo da shirin ganin abin tausayi. Wasa bai yi nisa ba ya ga an ba shi ɗa kyauta a gefe. Ya duba da kyau. Tarko ne, kuma mugu. Kan Direba dai lafiyarsa ƙalau, ya faɗa a ransa, ya gyara zama. Ya kauce, Direba ya bi shi. Ya sake kaucewa, ya tarar an riga an tare can ɗin ma.

Saura taku ɗaya a rufe shi. Direba ya ɗaga ɗan da zai gama aikin, ya nufi gidan dama. Hannun ya karkata, yatsun suka buɗe da kansu, ɗan ya faɗi a gidan hagu ya zauna daram.

Mai Walda ya ga abin da ya buɗe. Hanya ce fetal, zai bi yana ci har ƙarshen allo.

"Ai hannu ne, Baba," in ji surukin. "Kowa ya ga inda ka nufa." Ya miƙa hannu zai gyara. Direba ya watsa masa harara, ya janye ya sosa kai.

'Yar tana tsaye a bakin ƙofa, idonta a kan Mai Walda.

Shi kuwa hannun daman Direba yake kallo, yana kwance a cinya kamar kayan wani da aka ba shi ajiya. Sai ya ji bakinsa ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

"Mayar. Ban gani ba, fanka nake kallo."

Direba ya dube shi. Ya sa bayan hannu ya goge gefen bakinsa.

"Kai ma?"

"Sau ɗaya ne."

"In jinya ka zo yi, ga kwano can, je ka wanke."

"Direba, ka ji mana."

"Na saki," in ji Direba. "Ba zan mayar ba."