Ruwan Tsiron Davou

Davou ya shekara da yawa yana tuƙa bas a Manchester kafin ciwon baya ya zaunar da shi a gida, a unguwar Moss Side. Zaman bai karɓe shi ba. Ganin haka 'yarsa Shalom ta sayo masa babbar tukunya da buhun tsiron sha'ir da sauran kayan haɗa giya, don ta sha jin yana ba da labarin burkutun da mahaifiyarsa take dafawa a Jos.

Ranar wata Asabar ya ɗora tukunyar. Ya jiƙa tsiron, ya tace ruwansa mai zaƙi, ya tafasa shi har ƙamshi ya cika gidan, sannan ya sauke ya dasa tukunyar cikin baho mai ƙanƙara don ta huce da wuri. Da ya buɗe murfi sai ya ga abin ya canza. Ruwan da ya bari garau ya cika da gudaji-gudaji masu yawo, kamar madarar da ta tsinke. Ya zauna a kan kujera yana kallon wahalarsa ta tun safe, har ya fara tunanin ya juye komai a kwata kafin Shalom ta zo.

Sai Sunusi ya faɗo masa a rai. Tare suka taso a layi ɗaya a Jos, yanzu kuwa Sunusi injiniya ne a wajen tace ruwan sha a Birmingham. Sun daɗe ba su gaisa ba, kuma Davou ya san mutumin ko ƙofar mashaya ba ya kallo. Ya jima yana juya wayar a hannu kafin ya kira shi ta bidiyo.

Bayan sun tambayi iyali, Davou ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗi abin da ya dafa, ya kuma ce idan maganar ba ta dace ba a bar ta.

"Mutumina, juyo min wayar in gani," in ji Sunusi. Ya duba da kyau, ya yi murmushi. "Wannan ai ruwan hatsi ne tukuna, ɗan uwan kunu. Abin da za ka mayar da shi gobe kai ka sani, ni dai ba zan taya ka sha ba. Amma kada ka zubar, bai lalace ba."

Ya bayyana masa cewa gudajin nan furotin ɗin hatsi ne da yake dunƙulewa idan ruwan ya huce da sauri, kuma fitowarsa alama ce ta aiki ya yi kyau. Ya sa shi ya tsoma ludayi cikin tafasasshen ruwa don ya tsarkaka, ya juya ruwan tukunyar gefe ɗaya har tsakiyarsa ta lotsa kamar ƙwarya, sannan ya rufe ya ƙyale shi.

Suna jira suka koma hirar gida, waɗanda suka rasu da waɗanda suka aurar da 'ya'ya. Davou ya ji kansa yana faɗin abin da bai faɗa wa Shalom ba, cewa tun da ya bar aiki yakan wuni bai yi magana da kowa ba. Sunusi ya saurare shi bai katse shi ba.

Da aka buɗe tukunyar, gudajin sun taru a tsakiyar gindinta kamar ɗan tsibi. Davou ya sa tiyo daga gefe ya zuƙe ruwan a hankali zuwa cikin bokitin da zai zuba wa yis. Ɗan laka ya bi tiyon, Sunusi ya ce wannan kaɗan ba zai hana komai ba, zai kwanta da kansa.

Bayan 'yan makonni giyar ta fito garau, abokan cocin Davou suka yaba. Shi kuwa abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wayar da Sunusi ya riƙa bugo masa duk mako daga nan, ba tare da wani dalili ba.

Da bayansa ya yi sauƙi ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, da jakar acca da wani ya kawo masa daga gida. A unguwar Ladywood, Rabi'a matar Sunusi ta tarbe shi da masa da miyar taushe. Da suka zauna cin abinci da Sunusi, Davou ya so ya yi doguwar godiya.

"Na gode, ɗan uwana," abin da ya iya cewa ke nan.

Sunusi ya turo masa kwanon gabansa, ya ce ya ci tun da zafinta.