Sai Ka Ci Abinci

Shekara uku ke nan da likitan Maraɗi ya gaya wa Lawali cewa wasu 'yan tsokoki biyu da ke bisa ƙodarsa sun daina aiki. Ƙwaya safe da yamma har mutuwa. In masassara ta zo, ya ninka, kada ya jira.

Masassarar ta zo ran Talata, ta kwantar da shi a rumfar garkarsa, bakin tafki. Yayarsa Ɗelu ta taso daga Gabi jinya. Abin da ta fara yi shi ne ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zanenta.

"Ba a shan magani ciki wofi. Sai ka ci abinci."

"Yaya, wannan ba irin shi ba ne."

"Kai dai tun kana yaro ka fi kowa sani. 'Ya'ya bakwai na raina."

Huɗu daga cikinsu suna ƙarƙashin ƙasa, amma ba shi da ƙarfin tuna mata.

Ta dama kunu, ya kurɓa, ya amayar. Ta wanke kwano ta sake damawa. Haka suka yi har azahar. Ƙafafunsa suka yi sanyi, in ya ɗaga kai sai latas da tumatir su juye. Ya san abin da ke biyowa. Sau ɗaya ya taɓa kaiwa nan, ya farka da ƙarin ruwa a hannu.

Kwano na huɗu ta ajiye masa, ta zaga alwala. Karen garkar na kwance bayan zana. Lawali ya ja jiki da gwiwar hannu, ya tuntsurar da kunun ta ƙarƙashin zanar, ya ji lasa ta fara. Tafiyar taki ɗaya ce, ta gajiyar da shi kamar ban ruwan yini.

Ɗelu ta dawo ta leƙa kwanon.

"To, ko kai fa? Da gardama."

Ta kwance bakin zane a hankali, ta miƙo ƙwaya ɗaya.

"Biyu, Yaya."

"Haɗama har a magani?"

Ta ba shi dai. Ya haɗiye, ya dafe baki, amai na tasowa.

"Kira Aminu mai kabu-kabu ya kai ni asibiti," ya ce ta tsakanin yatsu. "In ƙwayoyin suka fito, allura ce kawai."

Ta dube shi. Ta fita ba takalmi.