Kwabon Gonar Tudu

Tun da Abdulrashid ya sayo na'urar gano ƙarfe a wurin wani abokinsa a kasuwar Dawanau, kunnensa ya daina jin maganar mutane. Abar kamar sanda take da faifai a gindi, idan aka gitta ta kan ƙarfen da ke binne sai ta yi tsuwa. A waya ya ga wasu suna tono tulun tsoffin kuɗi da irinta, shi kuwa mutum ne da in ya ga abu a waya, to magana ta ƙare.

A bazarar nan ce za a raba gonakin mahaifinsu. Su biyu marigayin ya bari, shi da yayansa Usaini, gonaki ma biyu: ta tudu mai faɗi a bayan gari, da 'yar fadama a bakin ruwan Watari wadda ake nomawa rani da damina. Baffansu Ja'afaru ya ce ƙarami ya fara zaɓa. Kowa ya san fadama zai ɗauka, har matarsa Barira ta fara zancen tumatir da albasa.

Kafin ranar, sai ya ce bari ya gwada na'urarsa. A fadama ya kai ya komo, ko tari ba ta yi ba. Yana sa ƙafa a gonar tudu kuwa ta ɓarke da kuka. Ya durƙusa ya tona, sai ga kwabo mai huji, irin na zamanin Turawa.

Ya matsa dama, kuka. Ya matsa hagu, kuka. Nan ya tono anini, can murfin kwalba, gaba kaɗan cokali mai lanƙwasasshen wuya, sai sisi, sai zif ɗin wando. Ya ce wataƙila tulun yana ƙasa, ya nutsa fartanya. Da ya wuce kamu ɗaya sai jar ƙasa zalla, na'ura ta yi tsit. Ya zauna a kan kunya ya dafe kai. Wane irin attajiri ne zai binne dukiyarsa sama-sama, ya haɗa da zif ɗin wando? Ko garma ce ta fasa tulun ta watsa? To cokalin fa? Ko dai aljanu ne ke wasa da hankalinsa? Ya buga wa abokin nasa waya, abokin ya ce masa, "Kai dai in ta yi kuka, akwai abu."

Barira ta dubi tarkacen da ya juye a tabarma ta ce, "Maigida, wannan ai kayan 'yan gwangwan ne." Ya ce mata ba ta san tarihi ba.

Ranar zaɓi, a gaban dattawa, ya ce, "Tudu nake so."

Baffa Ja'afaru ya karkato kunne. "Me ka ce?"

"Tudu, Baffa."

Usaini ya ce, "Ƙanena, ka sake tunani. Kai ne mai ƙananan yara, fadama ba ta barin gida da yunwa." Wannan lallashin ne ya ƙara rikita Abdulrashid. Me ya sa Yaya yake so ya raba shi da tudu? Lallai ya san wani abu. Ya kafe, aka shafa fatiha.

Ya shiga tono ba ji ba gani, har gona ta koma kamar wadda gafiyoyi suka yi wa taron dangi. Kwabbai sun cika gwangwanin madara, tulu kuwa shiru.

Wata safiya, hadari ya fara haɗowa a gabas, sai ga tifa ta shigo gonar ta juye baƙar ƙasa mai wari. Usaini ya sauko daga gaba ya ce, "Gudummawata ce. Takin tsohon juji ne daga birni. Tudu ba ta yi sai da shi, ka manta yadda Baba yake jibga mata duk shekara?"

Bai manta ba. Shi da kansa ya sha koro jakuna da mangaloli yana yaro, yana toshe hanci. Na'urar tana rataye a hannunsa a kunne, faifan ya gogi tarin takin, ta ƙwala kuka. Ya cusa hannu ya zaro murfin kwalba. Ya sake cusawa, ya lalubo ƙusa, sannan wani abu mai zagaye. Ya goge shi a riga. Kwabo ne mai huji.

Ya dubi kwabon, ya dubi ramukan da ya cika gonar da su. Da ƙyar ya ce, "Yaya, maganar fadamar nan..."

Usaini ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza ƙasa da takalmi. "An riga an shafa fatiha, Abdulrashid," ya ce a hankali. "Bari in aro maka shebur, ka cike ramukan nan kafin ruwa ya sauka."