Taƙi Tara

"Ke kuma? Zuwa na uku ke nan yau," in ji surukar Iya, matar ɗanta, ta tare ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Gaisuwa na zo."

"Gaisuwar ce take leƙen kan keken ɗinki?"

Ta kama ni, ban yi musu ba. Na raɓa ta gefenta na shige.

Bango ɗaya ne tsakanina da Iya Taƙi. Sana'arta sayen kayan gwanjo, labule ne, zanen gado ne, tsofaffin riguna ne, ta wanke, ta farke, ta mayar da su shimfiɗar tebur da ƙyallayen goge hannu. Ba ta taɓa riƙe tef ɗin awo ba. Da hannu take aunawa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, taƙi bayan taƙi, ta ɗiga alli. Nan sunan ya samo asali.

Wata biyar kafin wannan ranar na kai mata rigunan maigidana guda huɗu, su kaɗai suka rage mini bayan rasuwarsa. Biyu shuɗaye, ɗaya mai ratsi, sai fara mai tabon biro a aljihu. Ita ta matsa mini. "Ki bar su a akwati asu ya cinye? Kawo nan in ɗinka miki shimfiɗar tebur, ki riƙa cin abinci da mijinki kullum." Ta shigo ɗakina ta auna teburin: taƙi tara tsawo, biyar faɗi. Ta sa almakashi ta yanyanka rigunan, sannan ciwo ya kwantar da ita.

To ni fa daga nan zama ya gagare ni. In ɗora tukunya in manta da ita. In ɗauko wanki in ajiye. Kunnena na jikin bango ko zan ji ƙarar keke, shiru. Ga buhunan gwanjo har rufi a ɗakinta, ga surukar kullum cewa take za ta kwashe tarkacen nan ta zubar. Wa zai bambance mata rigar mijina da tsumma?

Na tarar da Iya a jingine da filo, ƙyallayen a cinyarta. Keken ya fi ƙarfinta, da allura take haɗawa. Yatsunta sun kumbura sun ƙage.

"Ni kika zo dubawa ko rigunan mijinki?"

"Duka biyun, Iya."

"Maƙaryaciya. Zura mini zare, idona ya ƙi."

Na zura. Na daure na ce, "Iya, da kin ba ni na kai wa wani tela ya ƙarasa, ki huta."

"Tela? Ya sa miki aljihun a tsakiya, ki riƙa ɗora tukunya a kai? Ni na san inda mijinki yake zama." Ta yi tari har sai da na riƙe mata kafaɗa. "Saura taƙi biyu. Tashi ki tafi, tsayuwarki a kaina ma ciwo ce."

Na tafi, amma washegari na dawo sau biyu.

Ranar Talata da hantsi ina yankan albasa na ji kukan surukar ta bango, Iya ta rasu. Wallahi abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne rigunan. Matar da muka yi shekara ashirin da ita, ita ta riƙe ni ranar da maigidana ya rasu, amma ƙyalle na fara tunawa! Har yau in na tuna kunya nake ji. Na yi kwana huɗu ina shiga gidan ina fita, ina taya su aiki, ban iya buɗe baki na tambaya ba. Idona dai yana kan buhunan.

A rana ta biyar surukar ta shigo da abu a naɗe a hammata.

"Ungo. Ƙarƙashin filonta na gani. Ta ce kada in ba ki sai kin daina sintiri, na ga ba ranar dainawa."

Tana fita na share teburin na shimfiɗa. Aljihun mai tabon biro ya faɗa daidai gurbin maigidana. Na ja ɗaya gefen, ya ƙi kaiwa. Na sake ja. Katako ne tsirara a gabana, ya kusa taƙi biyu.

"Haba Iya!" na faɗa da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Raina ya ɓaci sosai. Matar da ba ta taɓa kuskuren awo ba, sai a kan nawa?

Na juya bayan ƙyallen in ga ko ta naɗe wani wuri. Sai ga ɗigon allinta a jere a bakin ɗinkin. Na ƙirga, tara cif. Na farkon faɗin hannunta ne sosai, yadda na san shi. Na huɗu ya ɗan ragu. Daga nan kowanne ya fi na bayansa matsewa, yadda yatsun suka riƙa ƙin buɗuwa. Na ɗora hannuna a kan na ƙarshe, yatsuna huɗu a haɗe suka rufe shi.

Sannan na mayar da shi yadda yake, na gyara aljihun ya zauna sosai. Ban wanke shi ba, don allin zai fita. Na jawo kujerata ta gefen da bai kai ba, na ajiye kofin shayina a kan katakon.