Yadda Fatalwar Kyaftin Jago Ta Tuba

A ƙauyenmu na gaɓar tekun Cornwall, a Ingila, abu biyu ne ke kawo baƙi: ruwan sama da suke zaton ba za su tarar ba, da fatalwar masaukin Baƙin Doki. Kyaftin Jago ɗan fasa-ƙwaurin barasa ne da 'yan kwastan suka harbe a bakin ƙofar masaukin tun zamanin kakannin kakanninmu. Ni da na tsufa ina akawu a ofishin kwastan ban taɓa jin ma'aikatarmu ta yi wani aiki da ya amfani jama'a kamar wannan harbi ba.

Al'adar gidan ita ce, da tsakar rana mai masaukin, Kerensa Tregear, takan zuba barasa a ƙaramin kofi ta ajiye wa Kyaftin a kan taga, sannan ta sauka da baƙi ɗakin ƙasa su ga ramin da ake shigo da kayan fasa-ƙwauri ta cikinsa a da. Idan sun hawo, sai su tarar da kofin wayam. Nan za ka ga manyan mutane daga Landan, masu digiri, suna ɗaukar hoton kofi.

Kowa a ƙauyen ya san Denzil Hocking, tsohon masunci, shi ke shanyewa. Ubansa ya riƙe muƙamin, kakansa ma haka, kuma Denzil yana ji da shi fiye da yadda magajin gari ke ji da sarƙar muƙamin da ke wuyansa.

Sai likita ya duba hantarsa ya ce ko ɗigo kada ya ƙara. Matarsa Tamsin, wadda ta rasa mai mara mata baya wajen raba shi da barasa tun ranar aurensu, ta ɗauko kujera da kayan saƙa ta zauna ƙarƙashin tagar. Kofi ya riƙa wuni cike. Wata baƙuwa ta tambaya ko Kyaftin ya tafi hutu ne.

Kerensa ta kira Denzil gefe ta shaida masa, cikin ladabi, cewa mijin ƙanwarta ya yarda ya karɓi aikin. Mutumin gundumar Devon ne, daga ƙetaren kogi.

"'Yar nan," in ji Denzil, "mutumin da bai taɓa jiƙa ƙafarsa a tekun nan ba za ki naɗa Kyaftin? Ubanki da ubana za su tashi, ki samu fatalwa uku."

"Baba Denzil, fatalwar da ba ta sha, ai ba ta cika mini ɗakuna."

Ya koma ya roƙi Tamsin ta bar shi ya riƙa kurɓa yana tofarwa. Ta ce ta san kurɓarsa, tofarwar ce ba ta taɓa gani ba. Amma ganin ya daina cin abinci, sai ita da kanta ta je wurin Kerensa da shawara: a sanar wa duniya cewa Kyaftin ya tuba, shayi yake sha yanzu.

Aka canja allon ƙofa. Abin da ba wanda ya hango shi ne 'yan cocin Methodis, masu ƙyamar barasa, waɗanda ba su taɓa taka masaukin ba. Suka fara zuwa mota-mota su ga mai zunubin da ya gyara halinsa bayan mutuwa, abin da fastonsu ya kasa samu daga masu rai. Ɗakuna suka cika, aka sallami mutumin Devon tun bai zo ba.

Denzil na nan a kan muƙaminsa. Matsalar kawai, kafin Kerensa ta gama yi wa baƙi jawabi ta sauka da su, shayin ya huce. Jiya na gan shi yana haɗiyewa da yamutsattsiyar fuska, Tamsin na kallonsa ta saman tabarau. Na gaishe shi da aiki.

"Malam akawu," ya ce, "mutanenku sau ɗaya suka harbi Kyaftin. Ni kullum ne."