Saniyar Inno Ta Kwanta

Saniyar Inno ta dawo ƙauyen Lahodu daga kiwon fadamar Rima, kaska ta cika mata hantsa. Inno ta tsince su da hannu, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Fitsarin saniyar ya koma ja, ta kwanta.

Ƙasimu mahauci ya zo da wuƙa. "Inna, bari in yanka ta tun da sauran rai."

"Gaggawar mi, ɗana? Da nononta nika ciyar da jikokina. Za ta tashi."

Ta ɗura mata jiƙon sassaƙe, ta zauna tana shafa mata wuya. Da numfashi ya sarƙe, ta aika a kira Ƙasimu, aka ce ya tafi Wurno. Kafin a samo mai yankawa, saniyar ta miƙe ƙafafu, ta zama mushe.